Kabad ɗin da Ya Tsaya a Zaure

Muntaka kafinta dogo ne, irin dogayen da sai sun sunkuya a kowace ƙofa. A wurin aikin reluwe ya koyi sassaƙar katako, shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa Zariya. Ya iya aiki, kuma ya san ya iya, abin da ya dame shi ke nan.

Da ya kafa rumfa a Tudun Wada, wata uku ba wanda ya leƙo. Mutane sun saba da alkuki da ragaya, kabad kuwa kayan Turawa ne. Sai Malam Junaidu, wanda ya gina wa mahaifiyarsa Inna Zinariya sabon ɗaki, ya ce a yi mata na jera tasoshi. Muntaka ya san in wannan ya yi kyau ya samu shiga gari, in ya ɓaci sai komawa reluwe.

Namiji baƙo ba ya wuce zaure, don haka daga nan ya aika a tambayo faɗin bangon. Tsohuwa ta auna da hannunta, aka dawo aka ce kamu shida.

Ya koma ya auna shida da nasa hannun. Inna Zinariya kuwa 'yar mitsitsiya ce.

Ranar da aka kawo kabad, ƙarti huɗu na nishi, ko ƙofar cikin gida bai shige ba. Aka juya shi ta kowace fuska. Daga bayan bango tsohuwa ta ce, "Malam kafinta, ɗaki na ce, ko masallaci?"

Kunya ta kama shi ƙwarai. Malam Junaidu bai yi faɗa ba, ya sa aka jingina kabad ɗin a zaure, ya zuba littattafansa.

Muntaka bai koma reluwe ba. Washegari ya aika da igiya, ya ce a ja ta daga kusurwa zuwa kusurwa a ƙulla, a kuma ƙulla faɗin ƙofa. Kabad na biyun da ya yi ya zauna daram. Daga nan matan unguwa suka riƙa aikowa a ba su igiyar Muntaka, ya yi shekara talatin yana ƙawata ɗakunan da bai taɓa gani ba.

Na farkon yana nan a zaure. Har Muntaka ya rasu, in ya je gaisuwa gidan, baya yake ba shi.