Kwaɗo Biyu a Ɗakin Fatun Muntaka

Duk wanda ya zauna a unguwar Karantina ta Jidda a shekarun baya ya san Inno Mai Gishiri, in bai san fuskarta ba ya san hannunta. Hannu ne da gishiri ya cinye, duk ya tsattsage, in ta riƙe na wata mace sai matar ta duba tafinta daga baya. Daga wani ƙauye kusa da Gumel ta taso, ta rako gwaggonta aikin Hajji a 1976. Gwaggo ta koma da tasbaha da ruwan zamzam, Inno kuwa da ta ga yadda ƙosai ke tafiya a Jidda sai ta ce jirgi ya gaida mutanen gida.

A nan ta auri Muntaka mai fata. Sana'arsa ta lokacin Hajji ce. In alhazai sun yanka hadaya a Mina, fatun tumaki kan zube kamar ba a so, shi da abokin aikinsa Badaru mai motar kaya sai su tattaro su kawo Jidda, a jera a wani ɗakin bulo da ke jikin nasu, in sun sha gishiri sun kama a sayar wa wani dillali ɗan Yaman mai kai wa majema. Muntaka ke tattarowa, Badaru ke ɗauka, amma gishirin na Inno ne. Ita ta san fata ba a jibge ta a manta da ita. Iskar Jidda damshi ne da ita, gishiri ya narke ya tsiyaye, don haka dole a riƙa juya tarin, na ƙasa ya dawo sama, a ƙara gishiri. In an yi sake, ciki ya ɗau zafi, gashi ya saɓule, tsutsa ta samu gida.

Halin Inno guda ne da kowa ya shaida: ba ta yarda da mutum. In an kawo buhun gishiri sai ta zura hannu har ƙasa ta ɗanɗana, ko an haɗa da yashi. Kuma da wuya a ga laifinta. Wanda ba shi da takarda, in an cuce shi wa zai kai wa ƙara? Yana buɗe baki a gaban hukuma shi za a fara jefawa a mota.

'Yarsu ɗaya ce, Lubabatu, haifaffiyar Jidda, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, amma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ta kai budurwa ba ta taɓa zama a aji ba, in ta hango motar jawazat, masu kama marasa takarda, sai ta shige gidan da ya fi kusa. Wannan shi ne ciwon Inno. Da ƙyar Muntaka ya samu wani tsoho Balarabe da ya yarda zai zama kafilin yarinyar, ya tsaya mata a samo iƙama, in an cika masa abin da ya yanke. Shi ya sa a Hajjin 1994 Muntaka ya cika ɗakin nan har rufi, yana cewa, "Fatun bana na Luba ne."

A shekarar ce kuma ya biya wa ƙanensa Gwadabe kujera. Ba su daɗe da saukowa daga Mina ba, wata rana da hantsi Muntaka ya yanke jiki ya faɗi a bakin ɗakin fatu. Kafin la'asar ya cika.

Inno ta yi kuka na gaske, don ta so mutumin nan. Amma ko cikin kukan idonta na kan Gwadabe, wanda ya bar jirginsa ya tashi, ya ce ba zai koma ba sai an raba gado. Haƙƙinsa ne, ba wanda ya musa: 'ya tana da rabi, mata tana da tumuni, abin da ya saura na ɗan'uwa. Sai dai Gwadabe da lissafin gida ya zo. A can ana cewa Muntaka ya yi arziki a ƙasa mai tsarki, ga rediyo yana aikawa, ga agogo. Shi kuwa ya tarar da katifa ɗaya da fanka mai ƙara. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce a ransa lallai akwai inda aka binne sauran. Har leƙa ƙarƙashin gado ya yi, wai takalminsa yake nema.

Mutanen unguwa ba sa zuwa kotu, Malam Hadi ke raba musu gado. Shi kuma ya raka alhazai ziyara Madina, rashin lafiya ta riƙe shi a can. Da gari ya waye bayan sadakar uku, Inno ta fito da kwanon gishirinta, sai ta ga sabon kwaɗo ɗan China rataye a ƙofar ɗakin fatu.

"Gwadabe, wannan fa?"

"Kayan gado ne, Yaya Inno. Ba a taɓa su sai Malam ya zo. Akwai haƙƙin marainiya a ciki."

"Marainiyar ni na haife ta ko kai?"

"Allah ya ba ki haƙuri. Don a fita daga zargi ne."

Ta tsaya tana kallonsa. Wato ita ce ɓarauniyar. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mata a rai ba. Makulli yana aljihunsa, ita tana takaba ba ta zuwa ko'ina, jiya kuma ta ji shi yana tambayar Badaru inda ɗan Yaman ɗin nan yake zama. Me zai hana su kwashe kaya su sayar, ya hau jirgi ya bar ta da ƙofa? Ta shiga ɗaki ta ciro tsohon kwaɗon akwatinta, ta maƙala shi a saman nasa, ta ɗaure makullin a gefen zane.

"Don a fita daga zargi ne," in ji ta.

Daga ranar gida ya zama gidan gadi. Gwadabe ya shimfiɗa tabarma daura da ƙofar, yana jan tasbaha da ido ɗaya a buɗe. Inno ta matso da kujerarta bakin taga. In ya tashi alwala sai ta leƙo, in ta shiga kewaye sai ya je ya taɓa kwaɗonsa. Abinci ma sai ya ga Lubabatu ta kai loma kafin ya sa hannu, Inno ta gani, ta ƙara riƙe shi a zuci.

Badaru ya zo, bai ko gama gaisuwa ba ya ɗaga hanci.

"Hajiya, kin fi ni sani. Kayan nan suna son juyi. Ku buɗe a gaban jama'a, yalla, mu juya mu ƙara gishiri, kowa ya mai da kwaɗonsa. Ko kuma in kira ɗan Yaman ya ɗauka yanzu, a ajiye kuɗin a hannun liman."

Magana ce mai kyau, kowa ya ji ya san mai kyau ce. Amma Gwadabe ya kalli Badaru ya ga abokin cin mushen matar yayansa: a buɗe, a juya, a zare masu kyau a cusa masa ruɓaɓɓu, shi baƙo ina ya san fata? Inno kuwa da ta ji an ambaci ɗan Yaman sai zarginta ya tabbata. Ashe an gama ƙullawa! A ce kaya sun fara lalacewa, a karya farashi, su raba riba a bayan idonta.

"Ya fara cire nasa," ta ce.

"Ta fara cire nata, sannan a jira Malam," in ji Gwadabe.

Badaru ya kaɗa rigarsa. "Halas, shi ke nan. Ni dai na faɗa."

Abin takaicin shi ne, Gwadabe bai san abin da yake yi ba, amma Inno ta sani sarai. Kowace safiya hancinta na ba ta labarin abin da ke bayan ƙofar nan. Ta ji lokacin da warin gishiri ya koma tsami. Ta ga ruwa ja-ja ya fara gangarowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta ɗebo ƙasa ta rufe da ƙafa, kamar rufewar za ta hana wani abu. Ta dafa bango ta ji ɗumi. Sau da yawa hannunta ya kai gefen zane, sai ta ɗago ta ga Gwadabe ya zuba mata ido, sai ta saki. Kullum tana ce wa kanta gobe Malam zai dawo.

Lubabatu ta same ta a taga.

"Yumma, wallahi riha, warin nan, ya yi yawa. Ki buɗe, ki bar Ammi Gwadabe ya ɗauki abin da yake so."

"Ke ba ki san mutane ba. Don ke nake yi."

"Don ni?"

"Don wa kuwa? Wuce ki ba ni wuri."

Ƙudaje ne suka kawo ƙarshen zaman. Suka yi baƙi a jikin ƙofa, wari ya tsallake katanga ya kai bakin titi. Maƙwabta suka taru, ba da wasa ba, don kowa ya san in wari ya jawo ma'aikatan tsaftar gari, jawazat na biye da su, kuma layin nan kaf ba mai takarda. Wata tsohuwa Larai ta ce ko su buɗe ko a sa guduma. Sai ga Inno da Gwadabe a bakin ƙofa kafaɗa da kafaɗa, kowa da makullinsa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara murɗawa. A tare suka murɗa.

Zafin da ya buso ya sa mutane ja da baya. Inno kaɗai ta shiga. Ta kama fatar da ke sama ta ja, gashin ya biyo hannunta kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Ta ɗaga ta ƙasa, tsutsa ce fari fat. Ta yi ta tonawa har tsakiyar tarin, tana neman ko guda, har Badaru ya ce, "Hajiya, bari haka." Ranar Talata ce. Da motar Badaru aka yi ta jigila zuwa bola, Gwadabe na ɗauka yana amai yana hawaye, yana cewa shi bai sani ba, wallahi bai sani ba. Inno ba ta da wannan abin faɗa.

Da Malam Hadi ya dawo, rabon bai ɗauke shi shan shayi ba. Katifa, fanka, rediyo, 'yan riguna. Tsohon Balaraben nan kuwa da ya ji babu, ya ce Allah ya jiƙan Muntaka, ya rufe ƙofarsa. Gwadabe ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe rabonsa, abu ɗaya yake roƙo: buzun da yayansa ke salla a kai, ya kai wa dangi su gani.

Inno ta ɗauko buzun daga ƙusa. Tsohuwar fatar rago ce, wurin goshi ya goge, an bi gefenta da ɗinkin ƙyalle. Ta miƙa masa, har ya sa hannu, sai ta ƙi saki. Me ya sa duk kayan ɗakin nan buzu kaɗai ya zaɓa? Wa ya yi ɗinkin nan, yaushe? Yatsunta suka fara bin gefen a hankali, suna matsawa, suna lalube, a gaban Malam, a gaban Gwadabe da ya daskare da hannu a miƙe.

Lubabatu ta taso ta zare buzun daga hannun uwarta, ta naɗe, ta ba baffanta. Sannan ta juyo, da Hausarta mai nauyi, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Iƙamata kike nema a ciki, Yumma? Ba ta nan. An kai ta bola tun ranar Talata."