Matar da Ta Fita Waje da Tsumman Jaririya

Ƙarfe shida na safe Orpha Nolt take kunna na'urar gwajin jini, ta bar ta ta yi ɗumi, ita kuma ta fito bakin titi da shayinta tana jiran motar madara. Direban, bayan ya zaga gonaki, yakan miƙo mata ambulan ta taga. A cikin kowanne akwai kati mai ɗigon jini, na yaran da iyayensu ba su da abin hawa sai keken doki. Kafin rana ta take ta gama karanta jinin, ta aika wa iyaye saƙo: a rage wa wannan dankali, a ƙara wa waccan. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na duba jaridar gundumarmu, saniyar da ta ci gasa ta samu shafi guda, Orpha ko layi.

Ni ba mutumin yabo ba ne. Na koyar shekara talatin da shida, ita kanta Orpha ta zauna a ajina, har na rubuta wa babanta cewa yarinyar ba ta da sauri. Likitoci kuwa na daina ganin girmansu tun da muka binne ɗanmu na fari yana da kwana goma sha ɗaya. Matata Salome ta gaya wa likitan da ya duba shi cewa yaron yana ƙanshin maɗin mapul, wanda muke dafawa daga ruwan bishiyar mapul. Ya yi murmushi, ya ce kowace uwa ɗanta zaƙi yake mata. Daga ranar har ta koma ga Mahalicci, Salome ba ta ƙara taka rumfar dafa maɗi ba. Mutane suka ce hayaƙi ne ba ta so. Muka bar su a haka. Ta mutu tana zaton nononta ne bai da kyau.

Wata biyar bayan rasuwarta, a watan Maris, 'yata Naomi ta haifi Keturah. Kun san yadda Maris yake a nan. An huda bishiyoyin mapul, ruwansu na ɗiga cikin bokitai, wuta ba ta mutuwa a rumfa. Riguna, gashi, bargo, har kare, kowa ƙanshin maɗi yake. A kwana na biyar jaririya ta ƙi nono, sai barci da wani siririn kuka. Mata suka ce ai ta huta ne. Surukina Ivan ya ce 'yarsa mai haƙuri ce. Ni da na karanta littattafai cike da ɗaki, na ɗauke ta, na shaƙi ƙanshin nan a wuyanta, na zaci daga rigata yake.

Orpha ta biyo da hantsi don ta karɓi katin jinin jaririyar, saboda ungozoma ta manta ta ba direba. Ta dubi yarinyar, ta ɗaga ɗan hannun ta saki. Ta kwance jiƙaƙƙen tsumman fitsarin da ke jikin yarinyar, ta nufi ƙofa.

"Yaya Orpha, wanki za ki taya mu?" in ji Ivan yana dariya. "Akwai wasu a bayan gida."

"Rufe bakin nan, ka je ka buɗe min ƙyauren shinge."

Na leƙa ta taga. Ta ratsa dusar ƙanƙara har gwiwa, ta wuce garke, ta tsaya can inda iska ke tahowa daga tafki, inda hayaƙin rumfa ba ya kaiwa. Ta jima tana numfashi don hancinta ya wanke. Sannan ta kai tsumman hancinta. Da gudu ta dawo, mace mai shekara hamsin.

"Naomi, cire ta daga nono yanzu. Naɗe ta, mu tafi."

"Na shiga uku! Nonon nawa ne?"

"Nononki lafiya lau, ƙanwata. Ki taso, zan yi miki bayani a mota."

Ni ma na shiga, ba wanda ya gayyace ni. Tana tuƙi tana magana, kamar dai ta mai da ni aji. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kowace da murhunta, tana ƙona abinci ba harshen wuta, ba hayaƙi. Da wannan wutar muke tafiya, muke tunani, zuciya ke bugawa. Amma abinci ba ya shiga murhu gaba ɗaya, sai an faskara shi. Masu faskaren su ake kira enzayim, dubbai ne, kowanne da irin iccen da ya sani, ba ya taɓa na wani. Keturah an haife ta da rashin guda ɗaya daga cikinsu. Iccen da shi kaɗai zai faskara, wanda ke cikin madara da nama, sai ya taru a jini har ya kai ƙwaƙwalwa. Ƙanshinsa a fitsari kamar maɗi.

"Guda ɗaya tak?" na tambaya.

"Ɗaya tak, Malam. Ko in maimaita a hankali? Na ji an ce a ajinka ba a son marasa sauri."

Na kalli hannuna. Shekara saba'in dubban ma'aikatan nan suna yi min faskare dare da rana, ko a kwanakin da na roƙi mutuwa ba su tsaya ba, ni kuwa ban taɓa sanin suna nan ba. Ɗana kuma guda ɗaya ya rasa.

A asibiti likitan da ke aiki ya so a jira sakamakon gwaji. Orpha ta ajiye masa tsumman a kan takardunsa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ga sakamako." Ya shaƙa, ya miƙe. Aka sa wa yarinya ruwan sukari ta jijiya don kada jikinta ya shiga cin naman kansa, aka kawo madara ta musamman. A kwana na huɗu da kwantar da ita, Keturah ta tsala ihun da duk sashen ya ji.

Yanzu shekararta goma sha huɗu. Ita ke auna abincinta a sikeli, kuma ta fi ni baki. Katinta yana bin motar madara kowane mako. Irinta goma sha tara ne a gundumar nan, Orpha ta san lambar jinin kowannensu da ka, ta san wanda ke satar gyaɗa a aljihu. In zazzaɓi ya kama ɗaya, ita ke fara isa gidan, domin a lokacin ne jiki ke juyawa ya ƙona kansa.

Ke ce, Orpha, mai hancin da bai yarda da ɗaki ba. Ke ce kika tsaya a ƙanƙara lokacin da mu masu sauri muke zaune kusa da murhu muna yabon haƙurin jaririya. Abin da na rubuta wa babanki ban janye ba, ba ki da sauri. Da kina da shi, da kin karɓi kati kin wuce.

Na gode. Ban saba faɗa ba, kada ki sa ran ƙari. Ku kuma matasan da za ku gaji kujerarta, na'ura za ku iya koya a wata shida. Abin da nake roƙonku shi ne, in uwa ta ce ɗanta yana wani ƙanshi, ku riƙe murmushinku, ku ɗauki tsumma ku fita waje.

Ranar da aka sallamo Keturah, ban wuce gida ba. Na sa Orpha ta sauke ni a maƙabartar coci, na share ƙanƙarar da ta rufe sunan Salome, na ce mata: ba nononki ba ne. Hancinki kuma bai yi ƙarya ba.