Lambobinta a ɓangarena

Mu biyu ne sakatarori a ofishin, a Filinge, ordinatar kuwa, wato kwamfuta, ɗaya. Ita da safe, ni da rana. Ƴar Damana ce, ta girme ni da shekara goma, kuma ita direkta yake yabo: takardarta ba kuskure, takardarta tsaf. Da aka ce mutum ɗaya za a tabbatar wa aiki bayan damina, sai kishi ya hana ni sakat.

Abin da ya fi ba ni haushi, kullum in ta zauna sai ta karkata allon wajen bango. Na ce lalle akwai dabarar da take ɓoye mini.

Mai gyaran da ke zuwa daga Yamai ya taɓa nuna mini rajista, rumbun da na'urar ke ajiye saitin kowa. Ran nan ta tafi sallar azahar ba ta rufe ɓangarenta na cikin na'urar gaba ɗaya ba, na shiga ta nawa na buɗe rumbun. Ba suna a ciki, kowa doguwar lamba ce. Na yi ta tono kamar kaza a bola har na gano tata. Ƙarƙashin saitin allo, inda nake da tis'in da shida, ita ninki biyu gare ta. Zuciyata ta ce, to, ga saurin nan! Na kwafe lambobinta a bayan wani ambulan, na zuba su a nawa, na fita na sake shiga.

Haruffa suka fito manya-manya kamar goro. Kibiyar nuni kanta ta kai babban yatsana. Ina zaune baki buɗe ta shigo, da tabarmar salla a hammata.

Ta daɗe tana kallon allon, ta matso kusa ƙwarai kafin ta gane. Sannan ta ce, "Ƙanwata, mi kika nema?"

Na rufe ambulan ɗin da hannu.

"Idanuna na," in ji ta. "Shekara biyu ke nan suna dushewa. Kowace takarda sau ukku nika bin ta, shi ya sa ba kuskure. Yanzu kin samu abin da za ki kai ma direkta."

Ba zan yi ƙarya ba, na yi tunanin kai wa. Kwana huɗu ina juya maganar, har na taɓa tsayawa a ƙofarsa, na gaishe shi, na tambayi lafiyar gonarsa, na juyo. Ita aka tabbatar. Ranar na yi mata barka da baki, kishin kuwa ya daɗe bai huce ba.

Ambulan ɗin yana nan cikin akwatina. Bara, da nawa idanun suka fara dushewa, na ɗauko shi, na kulle ƙofar ofis, na sake zuba lambobin nan. Sai na ga hannuna yana karkata allon wajen bango.