Binciken Asalin Kwamfutar Zainabu

Na fito daga gida ƙarfe biyar da rabi na safiyar Alhamis, bayan sallar asuba, da 'yata Ummi 'yar wata takwas a bayana. Ƙanwata Zainabu ta samu makarantar koyon aikin jinya, an ce kowace ɗaliba ta zo da laftof, kuma ranar Lahadi za ta tafi. Raguna biyun da na yi shekara ina kiwo na sayar saboda haka. Ba ni da na uku.

Ɗanlami, ɗan wan babanmu, ya kawo wata sabuwa fil a kwali, mai araha, ya ce safiyar Juma'a yake son amsa. Ba wanda ya taɓa jin sunanta a garinmu, har malamin firamare. Ni a aji huɗu na tsaya, amma na san yadda ake yi in baƙo ya zo neman aure: ba a tambaya a gidansu, wajen waɗanda suka ga halinsa ake zuwa. Na kwafi haruffan sunan ɗaya bayan ɗaya a bayan katin rigakafin Ummi, na zana ɗan tsuntsun da ke kan murfin. Kuɗin kuwa na bar wa Inna, kada wani mai daɗin baki ya raba ni da su.

Zakirai, shida da minti goma

Mashin ya kawo ni ta tsakiyar gonakin gero, raɓa ta jiƙe mini zane har gwiwa. Mota ta ƙi cika. Sau uku ina tambayar direba yaushe za mu tashi, a na ukun ya ce in ina sauri haka in sayi kujerun da suka rage. Sai bakwai muka ɗaga.

Gezawa, bakwai da rabi

An tsayar da mu a shinge ana duba takardun mota. Na sayi ƙosai na ɗari biyu na kasa ci. Wata malamar makaranta da ke kusa da ni ta ga ina ta jujjuya katin, ta zaci Ummi ce ba lafiya. Da na yi mata bayani ta buga sunan a wayarta, ta daɗe tana ja da yatsa. Ta ce ta ga yabo da yawa, amma duk masu sayarwa ne suka rubuta, ba ta ga wanda ya ce ya yi shekara da ita ba.

Kano, tara saura kwata

Daga tashar 'Yankaba na hau adaidaita sahu zuwa kasuwar waya da kwamfuta. Mai shagon farko ya dubi katin ya ce tarkace ce, in sayi tasa. Na biyu ya rantse babu kamarta, yana da guda goma. Na ga duk gidan ango nake ta shiga. Sai na tambayi wata mai kunun aya inda ake kai waɗanda suka lalace, ta nuna mini bene.

A sama na samu Malam Sabo, dattijo mai tabarau, ya duƙufa a kan wata da aka farke. Na gaishe shi, na ce asalin wannan na zo tambaya.

"Asali kuma? 'Yar nan, aure za ki ba ta?"

Na ce kusan haka ne, Baba, ƙanwata za ta zauna da ita shekara uku.

Bai ƙara dariya ba. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo uku, kowace da tsuntsun nan, ƙura ta rufe su. Ya ce in tana sabuwa ba ta da laifi. Ya tambaye ni ko muna da wuta, na ce a shagon caji muke kai waya, da janareta. Ya ce cajar ce za ta fara ƙonewa ke nan, kuma bakinta daban yake da na kowa.

"Ba ta da dangi a Kano," in ji shi. "In batirinta ya mutu ko gilashin ya fashe, ba inda zan samo mata. Masu waɗannan sun gaji da zuwa."

Ya nuna mini wata ta hannu, mai ƙarzuwa a gefe, ya ce irinta kowane shago akwai kayanta. Nan na ce a raina, to shi ma ya zama ɗan gidan ango. Na kwafi nata sunan, na sauka na tambayi masu gyara biyu da ba su san shi ba. Bakinsu ya zo ɗaya da nasa. Ummi ta fara kuka, na zauna a matakala na ba ta mama, sai a lokacin na ci ƙosan nan, ya yi sanyi.

Gida, biyar saura kwata

Na yi azahar a tasha, muka taso biyu saura. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa wa Ɗanlami ba tare da zumunci ya taɓu ba. Na same shi a zaure, Zainabu kuma tana shafa kwalin. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, na je an nuna mini 'yan uwanta uku a kwance." Ya ce ai shi ma kawo masa aka yi, ya ɗauki kwalinsa.

Zainabu ta ɓata rai da ta ji mai ƙarzuwa za a saya mata ranar Asabar. Na miƙa mata katin na ce ta karanta sunan mai ƙarzuwar da bakinta, tun da ita ce mai boko. Ta karanta, ta ce na juya harafi ɗaya baya. Inna ta ce duk da haka an gane.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da malamar nan da ban tambayi sunanta ba, da Malam Sabo da ya sunkuya ƙarƙashin teburinsa saboda ni.