Lallen da ke Hannun Autana

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba na jin zai kwashe ranar da na kai autana makarantar haddar Alƙur'ani a Tarauni.

Ƙunshin amare nake yi a Gyaɗi-Gyaɗi. Tun rasuwar mahaifinsa, yaron nan ke kwaɓa min lalle, shi ya sa yatsunsa kullum jawur. Ga shi da sanyin murya, don cikin yayyensa mata ya tashi. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai ranar.

Malamin da ke tantance yara matashi ne. Ya dubi hannun, ya ji muryar, sai ya ce gurbi ya cika. Na ce, Malam, ga na bayanmu can ba a sallame su ba. Nan ya fito fili: makarantar kwana ce, addini ya hana namiji kwaikwayon mata, ba za su haɗa 'ya'yan mutane da mai alamar daudu ba. A gaban yaron ya faɗa. Ina gani ɗana ya cusa hannayensa cikin aljihu. Ni ba mai hayaniya ba ce, na ce dai a bari ya karanta ko aya ɗaya kafin mu tafi.

Ashe tsohon malamin da ya kafa makarantar yana zaune a baranda yana ji. Ya kira yaron, ya tambaye shi abin da ya rina masa hannu, yaron ya ce lallen Inna yake kwaɓawa. Tsohon ya shafa gemunsa, wanda shi ma ja ne da lalle.

"To ni ma sai ku kore ni," in ji shi. "Yaro na yi wa uwarsa hidima, kai kana yi masa zato? Karanta, ɗana."

Ya karanta. Muryar nan da aka ƙi, ita ta sa barandar ta yi tsit. Nan take aka ba shi gurbi. Hawaye nake ina dariya har muka hau adaidaita.

Ya haddace, an yi walima. Da matashin malamin ya tashi aure, gidana aka kawo amaryarsa ƙunshi, autana kuwa ya ce shi zai kwaɓa lallen.

Tun daga nan, in na ga abu a hannun ɗan wani, sai na tambaya kafin na yanke masa hukunci.