Baƙin Ulun Goggo Saude

Waziriyya

Mun tashi daga unguwar Waziriyya bayan sallar asuba, ni da Abu Halid, direba haifaffen Jidda. Aiken Goggo Saude ne ya fitar da ni, tsohuwar da ta riƙe ni kamar ɗa tun zuwana Jidda daga Kano. Baƙin ulu take so na askin tumakin bana, ta kaɗa zaren dardumar da za ta bar wa jikarta. Idonta na ta dusashewa, ta ce wannan ne kaɗinta na ƙarshe.

Usfan

A shingen binciken garin Usfan aka duba iƙamata, takardar izinin zama. Muka karya da gurasa da ful, dafaffen wakensu, Abu Halid na ta tsokanata. "Tumakinku na Kano tsirara suke yawo, me ka sani a ulu? Yalla, mu tafi!"

Gaskiya ya faɗa, namu ba a yi musu aski.

Hulais

Hantsi ya dubi ludayi muka isa garken wani Balarabe a Hulais. Ashe aski ya ƙare, sau ɗaya ake yinsa a shekara, in sanyi ya wuce. Dillalai sun kwashe ulun zuwa tashar jiragen ruwa. Da ya ji na tsohuwa ne, ya ɗauko buhun da ya ɓoye wa matarsa ya ba ni kyauta.

A masaukin da muka yi ƙailula na buɗe buhun. Wari, maiƙo, ga ƙaya. Na ce ba zan kai wa babba ƙazanta ba. Na tafasa ruwa, na zuba garin sabulu, na cuɗe shi tas kamar wankin riga, har ina jin daɗin kaina.

Gida

Kafin magariba mun dawo lafiya, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Abu Halid da mai garke. Na miƙa wa Goggo ulun. Ta shafa, ta ja, ya ƙi jawuwa, ya dunƙule kamar tsohuwar katifa.

"Ya waladi, ɗana, wa ya wanke?"

"Ni ne, Goggo."

"Da ruwan zafi?"

Na ce eh. Ta ce da maiƙonsa ake kawowa, a jiƙa a ruwan sanyi ba cuɗa. Wannan ba zai ƙara zama zare ba.

"Baɗi zan koma, Goggo."

"Allah ya kai mu," in ji ta. Ta lalubo mazarinta ta ba jikarta ta mayar cikin akwati. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.