Rabin Tanki a Hanyar Dogo

Har yau ina tuna ranar da na ɗauki shef ɗinmu, wato shugabanmu na wurin aiki, a sitern zuwa garin Dogo. Sitern ita ce motar dakon ruwa, ita na tuƙa a Zinder har na ajiye aiki.

Bazara ce. Mushe Laminu, wato Malam Laminu a bakin 'yan Faransanci, sabon shef ɗin garaji, ya miƙo mini takardar misiyo, wato izinin fita da mota, ya ce in kai wa gidan likita na Dogo ruwa. Motar tsohuwa ce, tsatsa ta cinye shingayen ƙarfen da ke raba cikin tankinta gida-gida. Kuma wai rabi za a zuba, don a rage mata nauyi.

Na ce, "Shef, a cika ta. Rabin tanki ya fi cikakke haɗari."

Ya ce, "Malam Habu, yaushe ƙaramin kaya ya fi babba haɗari? Mata na haihuwa can ba ruwa. Tashi, tare za mu."

A hanya na yi masa bayani. Ruwan da ya sami fili yakan yi ta kai da kawo, kuma yana da lokacinsa, kamar lilo. In ka taka birki ka saki, ka sake takawa daidai sa'ar da ya dawo gaba, ka tura lilon ke nan, kowane zuwa sai ya fi na baya ƙarfi.

Mun kusa gari sai ga amalanke cike da mata ya hawo hanya a gabanmu. Shef ya ce, "Taka, saki, ƙara takawa." Ban bi tasa ba. Na taka sau ɗaya na riƙe. Ruwan ya bugi gaban tanki, motar ta zabura kamar an ingizo ta, ƙafata ba ta motsa ba. Bugu na biyu ya zo da rauni, na uku da ƙyar na ji shi. Muka tsaya, tsakaninmu da amalanken bai fi taku uku ba.

Shef ya ce, "A gadon bayana na ji shi."

Kafin azahar mun sauke ruwan. Washegari ya hana motar fita sai da aka sa mata sabbin shingaye.

Ku da kuke tuƙi yanzu, ku riƙe wannan. Shef ba mugu ba ne, nauyi kawai takardarsa take nuna masa, motsi kuwa sai wanda ke kan kujera. Ka faɗi abin da ka sani kafin a tashi. In an tashi, ƙafarka ce shef.